Bita kan aikin wani ɗakin gwajin duwatsun rijiyoyin mai a yankin Tekun Fasha

Rahoton ƙarshe na ɗakin gwaje-gwajen da muka bai wa kwangilar auna duwatsun wata rijiyarmu ya iso teburina ne bayan wata 14, alhali wata 9 aka rubuta a takardar yarjejeniya, kuma tun daga lokacin wasu abokan aiki suka riƙa tambayata ko aikin ya cancanci kuɗin da aka zuba da jiran da aka sha. Kamfanin ɗaya ne daga cikin masu wannan sana'a a yankin Tekun Fasha, kuma hidimar da muka saya ita ce wadda ma'aikatan mai ke kira SCAL a taƙaice, wato gwaji na musamman a kan sandar dutsen da aka ciro daga ƙasan rijiya. Ra'ayina shi ne aikin ya cancanta, amma dalilin cancantarsa ya bambanta da wanda ya sa muka biya kuɗin tun farko, kuma akwai kurakuran da duk mai shirin ba da irin wannan kwangila ya kamata ya san su kafin ya sa hannu.

Tambayar da muka kai musu gajeriya ce. Filin da nake aiki a kansa tsoho ne, an daɗe ana ɗura masa ruwa domin a tura mai zuwa rijiyoyin da ake ɗiba, sai aka haƙa sabuwar rijiya a wurin da ruwan ya riga ya ratsa, ana son a san yawan man da ya rage a cikin kafofin dutsen. Na'urar auna turjiyar lantarki da aka zura cikin rijiyar ta nuna cewa akwai sauran mai mai yawa, amma da aka buɗe rijiyar kusan ruwa zalla ta riƙa fitarwa. Ko dai man yana nan ya maƙale, ko kuwa lissafinmu ne ya ƙirƙiro man da babu shi, kuma shawarar kashe maƙudan kuɗi a kan wani sabon shirin tatso ragowar mai ta rataya ne a kan wanne ne gaskiya daga cikin biyun.

Lissafin da kowa ke amfani da shi a wannan fage na Gus Archie ne, injiniyan kamfanin Shell wanda ya wallafa shi a 1942 bayan ya auna duwatsun yashi na gaɓar Tekun Meziko a Amurka. Hikimarsa ita ce ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, mai kuwa ba ya ɗauka, saboda haka gwargwadon yadda dutse ya turje wa lantarki, gwargwadon man da ke cikinsa. A cikin lissafin akwai lambobi biyu da ake kira m da n, ta farko tana bayyana yadda hanyoyin kafofin dutsen suka lanƙwashe, ta biyu tana bayyana yadda ruwan ya rarrabu a cikinsu, kuma al'ada ita ce a ɗauki kowaccensu a matsayin 2. Ni kaina da wannan al'adar na girma a aiki, domin a yankin Neja Delta na fara, inda man ke kwance a cikin yashin Agbada, kuma a yashi mai tsabta irin wannan mutum zai iya ɗaukar 2 ya yi shekaru bai ji kunya ba. Sai da na zo ƙasar da ma'ajiyar manta ke cikin dutsen farar ƙasa da dolomait, irin dutsen Arab-D na filin Gawar a Saudiyya da rukunin Tamama na Abu Dabi, na gane cewa lambar da na ɗauka doka ce ashe sakamakon awon wani irin dutse ne a wata ƙasa.

Abin da ya raba duwatsun kabonet (wato dutsen farar ƙasa da dolomait) da yashi, ban da rikitaccen fasalin kafofinsu, shi ne ɗabi'ar jiƙuwarsu, wato wane ruwa ne ke manne wa fuskar dutsen, ruwan gishiri ko ɗanyen mai. Duk wanda ya taɓa yayyafa ruwa a kan sabuwar tandar ƙasa ya ga yadda take shanye shi nan take, sannan ya yayyafa a kan tandar da ta shekara goma tana toya waina ya ga ruwan ya dunƙule yana gangarewa, ya riga ya fahimci rabin maganar. Dutsen farar ƙasa a cikin ruwa aka halicce shi, kuma da fari ruwa yake so. Da mai ya yi ƙaura ya shigo, sai ya fara cika manyan kafofi domin su ne masu sauƙin shiga, sannan sinadaran asid da asfaltin da ke cikin man suka manne wa fuskar kalsait, ma'adinin da ya gina dutsen, a duk inda siririn labulen ruwan ya yage, ƙananan kafofi kuwa da man bai iya kutsawa ba suka ci gaba da riƙe ruwansu. Wannan gaurayayyen hali shi ne wani mai bincike mai suna Salathiel ya bayyana a 1973, kuma a binciken Chilingar da Yen na 1983 a kan duwatsun kabonet 161, kusan kashi 80 cikin 100 sun fi karkata ga mai. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne halin yana sauyawa da tsayi a cikin ma'ajiya ɗaya, domin can sama inda mai ya fi matse ruwa dutsen ya fi zama tsohuwar tanda, ƙasa kuwa kusa da iyakar ruwa, inda mai ya ƙare ruwa ya fara, ya fi kama da sabuwa.

Tasirin wannan a kan lissafi ba ƙarami ba ne. A dutsen da ke son mai, ruwan yana tsinkewa ya zama ɗigo-ɗigo a tsakiyar kafofi, lantarki ya rasa hanyar wucewa, turjiya ta hau ko da ruwan yana da yawa, sai n ta haura 2. A ce na'ura ta nuna turjiyar dutse ta ninka sau 25 a kan yadda za ta kasance da ruwa ne kaɗai a cikinsa. Idan n 2 ce, ruwa kashi 20 ne, mai kashi 80. Idan 3 ce, ruwa ya kai kashi 34, idan kuma 4 ce ya kusa kashi 45, man ya sauko zuwa kashi 55. Awo ɗaya ne, rijiya ɗaya ce, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na man da aka ƙiyasta ya ɓace saboda lamba guda. Mun je wurin kamfanin ne domin su ba mu wannan lamba guda.

Farkon abin da ya burge ni shi ne karɓar kayan. Sandar dutsen ta iso musu a naɗe da leda da takardar alminiyom, an tsoma ta cikin kakin da ke hana iska shiga, kuma kafin su yanka ko da inci ɗaya sai da suka ɗauki hoton cikinta gaba ɗaya da na'urar sikanin irin ta asibiti, suka zauna da masanin duwatsunmu suna zaɓen wuraren da za a ciro guntaye masu faɗin inci 1.5. Sun nace a rarraba guntayen bisa nau'in dutse, suka tura ƙaramin yanki daga kan kowanne aka ɗura masa zaiba domin a ga girman maƙogwaron kafofinsa. A nan ne ya fito fili cewa yawancin dutsenmu yana da kafofi iri biyu a wuri ɗaya, manya tsakanin ƙwayoyi da kuma ƙanana ƙwarai a cikin ƙwayoyin kansu, abin da daga baya ya bayyana rabin sakamakon.

Wankin guntayen ya ɗauki makonni, ana ratsa su da toluwin sannan da metanol, ana maimaitawa har sai abin da ke fitowa ya zama garau. Na tsaya wata rana a bayan ma'aikacin da ke kula da wannan sashe, dattijo mai ƙarancin magana, na ga ya tari metanol ɗin da ke fitowa a ƙaramar kwalba ya ɗiga masa sinadarin azurfa, ya ɗaga kwalbar saitin fitila yana neman farin gajimaren da ke nuna sauran gishiri. Da ya ga ɗan hazo wanda ni ban ma lura da shi ba, sai ya mayar da guntun kan layi ya rubuta ƙarin kwana biyu a littafinsa. Irin wannan haƙuri ba ya bayyana a takardar farashi, amma a kansa sauran aikin ya tsaya.

Wanki yana mayar da dutse sabuwar tanda, kuma a nan ne ɗakunan gwaji masu arha ke tsayawa su auna n su miƙo rahoto. Wannan kamfani ya ci gaba zuwa matakin da ya sa farashinsa ya yi nauyi. An cika guntayen da ruwan gishiri da aka haɗa daidai da na ma'ajiyar, aka matse su da nauyi irin na ƙarƙashin ƙasa aka auna m, sannan aka ɗora kowanne a kan faifan tangaran da ke barin ruwa ya tsattsafo amma ya tare mai, aka riƙa ƙara matsi mataki-mataki, ana jira a kowane mataki har sai ruwan ya daina fita kuma turjiyar ta daina motsi. A dutse mai ƙananan kafofi mataki ɗaya yana iya cin makonni. Bayan an kai ruwan ga ƙarancin da ake so, sai aka tsuma guntayen a cikin ɗanyen man filin a zafin ma'ajiyar na kimanin kwana 40, domin man ya sake mannewa inda ya saba mannewa. Daga nan ne aka mayar da ruwa ciki sannu a hankali, ana kwaikwayon abin da ɗurin ruwa ya yi wa filin, ana auna turjiya da sandunan lantarki huɗu maimakon biyu domin kada turjiyar bakin guntun ta gurɓata awon. A gefe guda an yi wa tagwayen guntayen gwajin Amott na 1959 da gwajin na'urar wulwulawa na Hukumar Ma'adinai ta Amurka, domin a tabbatar cewa tsumawar ta kama.

Sakamakon bai ba mu lamba guda ba, kuma a ganina wannan ne mafi darajar abin da muka saya. A lokacin da mai ke korar ruwa daga wankakken dutse, n ta tsaya kusa da 2, har ma ta ɗan sauka ƙasa da haka a guntayen da ƙananan kafofi suka yi yawa, domin ruwan da ya maƙale a cikinsu yana bai wa lantarki ɓarauniyar hanya ko da manyan kafofi sun cika da mai. Amma a lokacin da ruwa ke dawowa cikin dutsen da aka tsuma, layin turjiyar a zanen sakamakon bai bi sawunsa na farko ba, ya tsaya can sama, ruwan yana ƙaruwa turjiyar tana jan ƙafa wajen sauka, sai daga baya da ɗigon ruwan suka haɗu suka zama hanya ɗaya ta faɗo. Ma'anar wannan ga rijiyarmu a sarari take. Ƙiyasin man da ke filin tun asali, wanda aka yi shekaru da yawa da suka wuce da n a matsayin 2, bai yi nisa da gaskiya ba, amma amfani da wannan lambar a wurin da ruwa ya riga ya ratsa shi ne ya kumbura mana ragowar man. Akwai sauran mai, sai dai bai kai abin da aka rubuta a takardar neman kuɗin shirin ba. Da muka matsa wa babban masanin ɗakin ya ba mu matsakaiciyar lamba ɗaya da za mu saka a kwamfuta, ya ƙi cikin ladabi, ya ce mu zaɓi layin da ya dace da nau'in dutse da tsayinsa daga iyakar ruwa da kuma tarihin ɗurin da aka yi masa. A lokacin na ji haushi, domin ina da shugaban da ke jiran lamba, amma da na zauna da zane-zanen na yarda cewa matsakaiciyar da nake nema ba ta dace da ko guntu ɗaya daga cikin waɗanda aka auna ba.

Ƙorafina na farko a kan ɗanyen man tsumawa ne. Samfurin farko da aka aika musu an ɗebo shi ne bayan wurin da ake zuba sinadarin raba mai da ruwa da na hana tsatsa, kuma irin waɗannan sinadarai suna sauya jiƙuwar dutse da kansu. Laifin ɗiban namu ne, na amince, amma ɗakin gwajin da ya san darajar aikinsa yana auna man da aka kawo masa kafin ya zuba shi a kan dutsen da ba a samun madadinsa. Sai da rukunin farko ya yi kusan mako uku a cikin man sannan wani ya auna ƙarfin jan da ke tsakanin man da ruwan gishiri ya ga ya yi ƙasa fiye da kima. Aka sake wanki, aka sake matsewa, aka sake tsumawa, kusan wata uku suka tafi a nan. Sun ɗauki nauyin kuɗin maimaitawar ba tare da jayayya ba, wannan na yaba, amma lokacin bai dawo ba. Bayan haka faifan tangaran biyu suka tsage a tsakiyar gwaji, mai ya ratsa, aka rasa bayanan guntayen biyu, kuma ba a sanar da mu ba sai a rahoton wata-wata, alhali da an kira mu a ranar da mun zaɓi madadinsu nan take.

Ƙorafi na biyu ya fi damuna domin ba haɗari ba ne, tsari ne. Dutsen da ya fi kowanne ba da mai a filinmu shi ne mai ƙananan koguna da ɓawon halittun teku da suka narke, kuma shi ne wanda ke marmashewa idan aka zo yanka shi, ko hoton sikanin ya nuna bai daidaita ba a ƙi shi. Saboda haka guntayen da suka tsira har ƙarshen gwaji su ne masu santsi da kamanni ɗaya, mafi muhimmancin dutsen kuwa guntu ƙalilan ne suka wakilce shi. An daɗe da sanin cewa a irin wannan dutse m tana iya haura 3, kamar yadda Focke da Munn suka nuna a 1987 a kan duwatsun wannan yanki, don haka giɓin ba ƙarami ba ne. Kamfanin yana da kayan auna sanda cikakkiya ba tare da an yanka guntu ba, amma ba su ba mu shawarar hakan ba sai da muka tambaya, lokacin kuwa kasafin ya ƙare. Haka nan da man da gas ɗinsa ya riga ya fice aka yi tsumawar, domin yi da mai mai gas ɗinsa a ƙarƙashin cikakken matsi ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma rahoton ya ambaci wannan iyaka a layi ɗaya tak a can shafukan baya.

Rahoton kansa fuska biyu gare shi. Cikinsa aiki ne na ƙwararru, kowane guntu da hotonsa da zanensa da tarihin matsin da aka yi masa, kuma sun haɗo mana ɗanyen bayanan kowace rana ta yadda na iya duba da kaina ko an jira turjiya ta daidaita kafin a ƙara matsi, na kuma tarar an jira. Amma taƙaitawar shafin farko, wadda ita kaɗai shugabanni ke karantawa, wani ya sa mata jadawali mai ɗauke da matsakaiciyar n ta dukkan guntayen, wato ainihin abin da masaninsu ya hana mu yi. Sai da na rubuta musu sau biyu kafin su cire shi, kuma kafin nan lambar ta riga ta shiga wata takardar gabatarwa a ofishinmu, har yau ina cin karo da ita.

Ya dace in faɗi yadda sakamakon ya tsaya a gaban sauran shaidu, domin gwajin ɗaki shi kaɗai ba ya yanke hukunci. A wasu guntaye da aka ciro daga tsakiyar sandar tun a bakin rijiya an yi gwajin Dean da Stark, inda ake tafasa toluwin a kimanin digiri 110, tururinsa ya kwaso ruwan dutsen, ruwan ya taru a ƙasan bututu mai ma'auni a karanta shi da ido. Mun kuma zura na'urar da ke auna yadda dutse ke riƙe cajin lantarki, wadda ke cin gajiyar cewa ma'aunin ruwa a wannan fanni ya kusa 80 a zafin ɗaki, na mai kuwa bai wuce 2 da ɗoriya ba, don haka ba ta dogara da n ba kuma gishirin ruwan bai cika ruɗa ta ba. Wannan na da amfani a gare mu, domin ruwan da ake ɗurawa bai kai ruwan ma'ajiyar gishiri ba, kuma babu wanda zai rantse a kan yadda suka gauraya a kowane taku. Sai dai na'urar inci kaɗan take gani daga bangon rijiya, wurin da ruwan taɓon haƙa ya riga ya wanke, shi kuma gwajin tafasawa yana rasa wani ɓangare na man da gas ya tunkuɗo waje yayin da ake ɗago sandar. Kowanne da gurguntarsa, amma dukkansu sun karkata ga ɓangaren layin da ɗakin gwajin ya ba mu, babu wanda ya goyi bayan tsohon lissafin.

Ga wanda filinsa yashi ne mai tsabta kuma bai fara ɗurin ruwa ba, wannan hidima ta fi ƙarfin buƙatarsa, gwaji mai sauƙi zai wadatar da shi. Ga mai dutsen farar ƙasa da ke shirin yanke shawara a kan ragowar mai kuwa, ina ba da shawarar wannan kamfani ko makamancinsa, da sharaɗin a rubuta wasu abubuwa a cikin yarjejeniyar tun farko: a auna ɗanyen man a amince da shi a rubuce kafin ya taɓa dutse, a ware tagwayen guntaye na ajiya ga kowane nau'i, a tanadi kuɗin auna cikakkiyar sanda a wuraren da dutsen ke da koguna, a sanar da duk wata tangarɗa cikin kwana biyu, kuma taƙaitawar shafin farko ta bi ta hannun masanin da ya yi aikin. A kuma ƙara rabin lokacin da suka yi alkawari a cikin jadawalin ofis, domin faifan tangaran ba ya sauri don an yi masa waya. Mun riga mun tura musu sandar rijiya ta biyu, wadda aka haƙa a ƙasan ma'ajiyar kusa da iyakar ruwa, kuma a wannan karon ni da kaina na tsaya a bakin rijiya aka ɗebi man kafin wurin zuba sinadarai.